Ga ƙanwata da ta tambayi littafin da za su karanta a zamansu

Ƙanwata saƙonki ya shigo min tun ranar Alhamis, ina tsakiyar hayaniyar kasuwar Dole, na karanta a tsaye na ce a'a wannan sai na zauna. Kin ce ku bakwai ne a nan Damagaram, mata masu son mata, kuna haɗuwa lokaci lokaci kowace ta faɗi abin da take karantawa, amma kun gaji don duk nobel ɗin Hausa da ya zagayo muku ta WhatsApp in dai an sako irinku a ciki to ku ne shaiɗanun labarin, kuma kina so in faɗa miki me za ku karanta da yadda za ku riƙa ba juna. Na cire duk wani abu da zai sa a gane ki, amsar kuma na sa ta a fili saboda na san akwai wasu da ke da tambayar amma ba su da bakin yi.

Na yi shekaru ina koyar da adabin Faransanci a lise, na kuma riƙe ɗan ɗakin karatu na lakwal, to littafi dai shi ne abin da na sani. Fatawa ba aikina ba ce, kin san abin da malaman garinmu suke faɗa kan wannan al'amari, ni ma na sani, kowace a cikinku ta kwana da shi ta tashi da shi. Abin da zan ba ki shi ne littattafan da za ki buɗe ki tarar da mace cikakkiya, mai uwa, mai salla, mai fushi da dariya, mai neman na abinci, wadda son da take yi ɓangare ɗaya ne na rayuwarta.

Maganar nobel ɗin Hausa da kika yi gaskiya ce wlh. Na karanta da yawa, tun na takarda da ake kawowa daga Kano ta hanyar Matamai har na waya na yanzu, kuma zubin kusan ɗaya ne, wata hajiya mai kuɗi ta yaudari yarinya da waya da atamfa, ko wata babba a makarantar kwana ta lalata ƙarama, can ƙarshe ciwo ko hauka ko mutuwar wulaƙanci. Amma dan Allah kar ku zubar da adabin Hausa gaba ɗaya saboda haka. Su ma marubutan nan mata an sha matsa musu, a 2007 a Kano an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, to marubuciyar da ta san ana iya ƙona littafinta dole ta rubuta abin da zai tsirar da ita. Kuma a cikinsu akwai irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, babu maganar son mata a ciki ko kaɗan amma akwai macen da miji ya kora da 'ya'yanta ta tashi ta tsaya da ƙafarta da sana'a, kuma wannan darasi ne da kowace a cikinku take buƙata fiye da kowa, domin macen da ba ta da kuɗin kanta ba ta da ta cewa ranar da aka zo da maganar aure.

To in ni ce ku, da La Petite Dernière zan fara, na Fatima Daas, ya fito a 2020. Dalili na farko da Faransanci yake kuma Faransanci mai sauƙi, babi gajeru gajeru, wadda ta tsaya a kolej ma za ta iya binsa. Na biyu kuma, wanda ya fi, yarinyar musulma ce kuma ba ta bar addininta ba. Autar gidansu ce, iyayen 'yan Aljeriya, ita kaɗai aka haifa a Faransa, ta tashi a Clichy-sous-Bois can gefen birnin Paris inda talakawa da baƙi suka fi yawa, tana da ciwon asma, tana da taurin kai a lakwal, tana son wata mace mai suna Nina. Kusan kowane babi da faɗin sunanta yake farawa, tana ta maimaita ni ce Fatima ni ce Fatima kamar mai jan carbi, kowane karo ta ƙara wani abu a kan wanda ta faɗa a baya. Akwai wurin da ta je wajen liman ta ba shi labarin kanta amma ta ce wai na wata ƙawarta ne, ni dai da na kai nan sai da na rufe littafin na ɗan yi shiru, don na san yara nawa suka zo min da wannan zancen na wata ƙawata ce madam. Abin da ya sa na fi son shi, littafin bai warware mata ba, ba ta ce ta gano cewa babu laifi ba, ba ta kuma ce ta daina ba, tana alwala tana salla tana roƙon gafara tana kuma son wadda take so, haka aka rufe. Wasu masu karatu a Faransa sun ji haushin haka, suna so ta zaɓi ɗaya. Ni kuwa ina ganin a nan gaskiyar littafin take, kuma ina jin a cikinku bakwai ɗin nan aƙalla biyar haka suke rayuwa. An yi fim ɗinsa, Hafsia Herzi ta shirya, an nuna shi a bikin Cannes na 2025 har yarinyar da ta fito a matsayin Fatima ta ci kyautar jarumar da ta fi, amma ku fara da littafin tukuna.

Bayan shi sai na Chinelo Okparanta, Under the Udala Trees, 2015. 'Yar Najeriya ce, a Fatakwal aka haife ta. An fassara shi da Faransanci a 2018 da sunan Sous les branches de l'udala, to wadda Ingilishi ya yi wa nauyi ta nemi wannan. Udala ɗin nan ba wani abu ba ne illa agwaluma, wadda ake kawo mana daga kudu lokacin sanyi. Labarin ya fara cikin yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, jirgin yaƙi ya kashe uban Ijeoma, uwar ta rasa yadda za ta yi ta kai ta aikatau gidan wani malamin makaranta, a can ta haɗu da wata marainiya a gindin bishiyar agwaluma, sunanta Amina, Bahaushiya musulma. Ki duba fa, ana tsakiyar yaƙin da ya raba Ibo da Hausa, yara biyu mata suka shaƙu. Da aka kama su uwar Ijeoma ta mayar da ita gida ta dinga zaunar da ita kullum da Baibul tana mata karatu don ta cire mata abin daga zuciya, kuma marubuciyar ba ta mayar da uwar nan muguwa ba, mace ce da yaƙi ya cinye wa miji take tsoron kar wuta ta cinye mata 'ya. Wannan ɓangare na uwa da 'ya shi za ku fi daɗewa kuna tattaunawa, na tabbata. Daga baya Ijeoma ta yi aure don ta faranta wa uwar, ta haihu, auren ya zame mata kurkuku shi ma mijin bai ji daɗi ba, a ƙarshe ta ɗauki 'yarta ta fita. Akwai wuri mai zafi inda aka afka wa wurin da matan suke haɗuwa a ɓoye aka kashe ɗaya, ki gaya wa masu raunin zuciya tun kafin su kai can. Abu ɗaya da zan ce ban gamsu ba, Amina ba ta samu baki sosai ba, da idon Ijeoma kawai muke ganinta, ta yi aure ta ɓace daga labarin, kuma ni a matsayina na Bahaushiya labarin Amina nake ta so in ji. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

In kuna son muryar mutane na gaske ba ƙirƙira ba, akwai She Called Me Woman, Cassava Republic suka buga a 2018, Azeenarh Mohammed da Chitra Nagarajan da Rafeeat Aliyu suka tattara. Labarai 25 ne, mata daga sassan Najeriya daban daban har da arewa, musulmi da kirista, masu aure da marasa aure, kowace ta faɗi nata da bakinta an ɓoye sunanta. Da Ingilishi yake, amma tunda hira ce aka rubuta ba shi da wuyar da nobel yake da ita, ɗaya daga cikinku mai Ingilishi za ta iya karanta labari guda a gida ta zo ta ba sauran da Hausa. Wasu labaran akwai duka da auren dole da fyaɗe, wasu kuma akwai dariya da soyayya mai daɗi da uwar da ta gane ta yi shiru ta rufa asiri. Shi ne littafin da ke kashe maganar nan ta wai Turawa suka kawo son mata.

Akwai gajeren labari na 'yar Yuganda Monica Arac de Nyeko, Jambula Tree, ya ci kyautar Caine a 2007, shafuka kaɗan ne, zama ɗaya kun gama, shi aka mayar fim ɗin Rafiki na Kenya a 2018 wanda hukumar tace finafinai ta can ta hana. Akwai La Bastarda na Trifonia Melibea Obono daga Gini Ikwatoriya, 2016, da Sifaniyanci aka rubuta aka fassara da Ingilishi a 2018, yarinya ce a ƙauye a gidan kaka mai mata biyu ana ta matsa mata ta kawo miji mai kuɗi, ƙaramin littafi ne kuma zaman gidan zai yi muku kama da na gida. Nina Bouraoui ma tana nan, uba ɗan Aljeriya uwa Bafaransa, Garçon manqué na 2000 da Tous les hommes désirent naturellement savoir na 2018, amma Faransancinta yana son wadda ta saba, ku bar ta sai gaba.

Na Turai da Amurka kuwa biyu kawai zan ambata. The Color Purple na Alice Walker, 1982, ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a 1983, La Couleur pourpre da Faransanci. Celie baƙar fata ce talaka a kudancin Amurka, aka aurar da ita ga mutumin da yake nema mai yi masa bauta, ba ta da wanda za ta faɗa wa sai ta dinga rubuta wa Allah wasiƙa, har wata mawaƙiya Shug ta shigo gidan ta zama mutum na farko da ya kalle ta a matsayin mutum. Shafukan farko akwai cin zarafin yarinya ƙarama, suna da nauyi ƙwarai, wadda ta taɓa shiga irin wannan ta sani tun da wuri. Sai na Patricia Highsmith da ya fito a 1952 da sunan The Price of Salt, ita kanta ba ta sa sunanta ba, Claire Morgan ta sa, sai 1990 ta yarda aka buga da sunanta na gaskiya aka kira shi Carol. Shekara 38 kenan marubuciya 'yar Amurka tana ɓoye cewa ita ta rubuta, to ke da kike Birni ko Zango kina ɓoye littafi ƙarƙashin katifa kar ki ga kamar ke ce matsoraciya. Abin da ya sa littafin ya yi suna a zamaninsa shi ne ba a kashe kowa a ƙarshe ba, ba wadda ta haukace, ko da yake Carol ta rasa riƙon 'yarta.

Wasu za su ce muku ku karanta The Well of Loneliness na Radclyffe Hall don shi ne tsoho, 1928, wanda kotu a Ingila ta sa aka lalata kwafinsa. Tarihi ne, amma baƙin ciki ne tun daga farko har ƙarshe, ni ba zan ba yarinya mai shekara ashirin da ke fama da kanta ba. Haka ma De purs hommes na Mohamed Mbougar Sarr ɗan Senegal, 2018, wanda daga baya ya ci Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, a 2021 da wani littafin, rubutu ne mai ƙarfi kuma a ƙasar musulmi irin tamu, amma ya buɗe ne da bidiyon taron mutane suna tono gawar wani saurayi daga maƙabarta saboda abin da ake zarginsa da shi. Akwai lokacin da mutum zai iya ɗaukar wannan, akwai lokacin da zai hana shi barci sati guda, ke kin fi ni sanin halin da kowace take ciki.

Wadda take son na bincike, Rudolf Gaudio ya zauna Kano ya rubuta Allah Made Us a 2009 kan 'yan daudu da yadda suke magana da zama, yawanci maganar maza ce amma Hausa ce tamu a ciki da garin da muka sani. Scott Kugle kuma, musulmi ne ɗan Amurka, ya rubuta Homosexuality in Islam a 2010 yana bin ayoyi da hadisai da fiƙihu, ki sani dai mafi yawan malamai ba su yarda da inda ya kai ba, kuma ba littafin da za a karanta da gaggawa ba ne ko a ɗauki layi biyu a je ana gardama da shi.

Yanzu maganar yadda za ku riƙa ba juna, wadda a wurina ta kai zaɓen littafin muhimmanci. Kar duk abin da kuke karantawa ya zama na wannan fanni. Ku sa Une si longue lettre na Mariama Bâ, 1979, wanda da yawanku kun yi a lakwal don jarrabawa, ku sake karanta shi yanzu da idon manya ku ga yadda Ramatoulaye take zuba wa Aïssatou cikinta tana cikin takaba, amincin mata biyu da ya fi aurensu duka daɗewa. Ku sa Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa a Kamaru, wanda ya ci Goncourt na 'yan lise a 2020, auren dole da kishi da haƙurin nan da ake ta ɗora wa mace, munyal da Fulatanci. Ku sa Sarraounia na namu Abdoulaye Mamani, 1980. Amfanin haka biyu ne, kanku zai buɗe, sannan in wani ya tambaya me kuke yi kuna da amsa ta gaskiya, karatu muke, ga littafin a hannu.

Waya kuma ita ce babban haɗari, ya fi takarda. Littafin takarda kin naɗe shi da jarida yadda muke naɗe na lakwal, ba wanda zai duba. Waya kuwa ƙaninki zai ara ya yi wasa, yayanki zai ce kawo in kira, mai gyara a kasuwa zai buɗe, kuma WhatsApp yana sauke duk abin da aka turo cikin ma'ajiyar hotuna in ba ki kashe masa ba. Ki kashe wannan, ki kunna saƙon da ke ɓacewa da kansa, ki sa wa wayar makulli, sunan gurup ɗin ya zama na adashi ko na karatu kawai, kar a sa hoton kowa. Kuma dan girman Allah kar ku shigar da wadda kuka sani a intanet kaɗai komai daɗin bakinta, ana yin tarko da haka, a ɗauki hoton hira a zo ana neman kuɗi ko a kai wa iyaye. Ku bakwai kun isa. Masu zuwa Kano ko Daura kuma su tuna can akwai dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, shekara 10 kan shiga ƙungiya ko taron masu hakan, ga kuma shari'a da Hisba a Kano, to a share waya kafin a tsallaka iyaka.

Samun littattafan a garin nan da wuya, ba sai na faɗa miki ba, tun ma da aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Janairun 2015 muka ga yadda littafi ke zama toka cikin yini ɗaya. Na san PDF kuke turawa juna. Amma in kuna da hali ku yi karo karo, jaka jaka a wata, in wata amintacciya za ta Yamai ko Kwatano ko Abuja ta sayo ko guda ɗaya, musamman na ƙananan kamfanonin Afirka irin Cassava Republic, da cinikin nan suke iya buga na gaba. Littafi ɗaya ya zagaya hannu bakwai, kowace ta riƙe kwana goma, kuma kar a yi rubutu a ciki.

In kun zauna kuma kar ya zama kowace ta faɗi suna kawai a tashi. A zaɓi shafi biyu ko uku, ɗaya ta karanta a bayyane, wata ta juya da Hausa don wadda ba ta yi nisa a lakwal ba kar a bar ta a baya, sai a tambaya wa ta ga kanta a nan, wa ta ji haushi, me uwar ya kamata ta yi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da haka ta karantar da matan karkara, jaji, wato malamar da ta horar, ta haddace waƙa ta je ta zauna da ɗalibanta 'yan taru ta karanta musu su tattauna. Abin da ake karantawa daban ne, na sani, amma zaman mata su koyar da juna da baki namu ne tun da daɗewa. Sai dai a kula, wani lokaci shafi ɗaya zai fasa wa wata ƙurjin da ta daɗe tana ɓoyewa, ta fara kuka ko ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba, a bar littafin a saurare ta, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya mutu a ɗakin ko da an yi faɗa daga baya, don na ga inda ɓacin rai tsakanin aminai biyu ya tona asirin mutum biyar.

Na ce zan dawo kan Amina. Duk littattafan nan na son mata da na lissafa miki babu ɗaya da aka rubuta da Hausa, babu wanda yarinyar cikinsa take jin kakakin fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ko take hawa kabu kabu zuwa jami'a, ko gwaggonta take zuwa kullum da maganar wani ɗan Alhaji. Cikin ku bakwai na tabbata akwai mai hannun rubutu, ƙila ke ce ma, don saƙon da kika turo min a tsare yake. Ku sayi kaye guda, wato littafin rubutu, wadda ta ji za ta iya ta rubuta shafi biyu, ba suna ba unguwa, ta canza duk abin da zai nuna mutum, ta karanta muku a zama na gaba bayan an gama na Fatima Daas. Ba sai an buga ba, ba sai ya hau intanet ba, kayen ya zauna wurin wadda ɗakinta ya fi tsaro. In kun kai babin liman ɗin nan ki rubuto min abin da kowace ta ce, ina so in ji musamman ta bakin wadda ta fi ku riƙon salla.